Ramin Tsoho

Batsari, watan Azumin Tsofaffi, 1373

Daga Turai matar Barau zuwa ga yayana Armaya'u marini, a Safana.

Sallama da gaisuwa ta ƙanwa ga yayanta. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida Kande da yara. Yaya ƙafar nan tata da ke kumbura in zafi ya taso? Mu nan lafiya lau, sai bazara da ta hana kowa sakat. Barau yana gaishe ka.

Bayan haka, Yaya, zan faɗa maka wata magana, kuma na san kafin ka kai ƙarshen takardar nan ka riga ka ɗaure fuska irin yadda ka saba. Zannuwan da ka rina ka aiko mani ta hannun Jinjiri mai jakai tun watan Gani suna nan jibge a ɗakina. Kaɗan suka fita. Ba wai na yi sanyi wajen talla ba ne, ka san bakina, ko dutse na tallata sai an taya.

Wani saurayi ne ya dawo daga Kano, Jafaru sunanshi, ya kafa rabin duro guda uku a bayan kasuwa. Ba rami, ba ganyen baba, ba toka. Wani gari yake sayowa a kanti cikin gwangwani, shi dama shi da ruwan zafi da wani abu wai soda. Mace ta kawo farin yadi da hantsi, kafin la'asar ta ɗaure abinta ta tafi biki. Naka kuwa sai mace ta manta ta ba da rini kafin shi dawo. Ga kuma atamfa ta cika gari, kowace yarinya so take a gan ta da furanni.

Shekaranjiya matar Sarkin Pawa ta shigo, ta ɗaga zanenka ɗaya ta sunsuna, ta ce, "Turai, wanga ai ƙamshin ɗakin kakata yake." Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ciniki bai son fushi, amma da suka fita sai da na zauna na yi tagumi.

Ka yi tunani kan garin nan na kanti. In ka yarda, Barau na zuwa Katsina, sai shi sayo maka.

Ka gaida kowa. Allah shi bar zumunci.

*

Safana, watan Sha'aban

Daga Armaya'u zuwa ga Turai.

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, ƙafar Kande da sauƙi. Ki gaida Barau.

Takardarki ta iso, na karanta, na sake karantawa, kuma abin da na gani a ciki shi ne an yi wa aikina dariya a ɗakinki kin taya. To, madalla. In zanena ya fara ba ki kunya gaban matan mahauta, ki ɗaure shi ki ba Jinjiri shi dawo mani da abina. Ba a ɗakinki kaɗai ake ɗaura zane ba.

Kin bar gida da daɗewa, bari in tuna maki inda kika fito. Rami bakwai mahaifinmu, Tsoho, ya bari a marinar nan. Shida sun bushe, an cike su. Guda ɗaya ke da rai, shi ne wanda muke kira ramin Tsoho, wanda ya haƙa da hannunshi ya shafe cikinshi da laso don kada shi tsiyaya, tun kafin a haife ki. Tunda aka haƙa shi bai taɓa zama kango ba. In ruwan ya tsufa, mu kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, mu shanya, mu ƙone, mu mayar da tokar cikin sabon ruwa. Ke nan ruwan da nake juyawa da muciya kowace safiya akwai na Tsoho a ciki. Shi kike so in zubar in zuba garin gwangwani?

Jinkirin da kike faɗa ba lalaci ba ne. Manoman Tsaskiya da Zakka da ke kawo mana baba duk sun mayar da gonakinsu gyaɗa, tunda masu awo na jiransu da sikeli da kaka. Yanzu sai na bi ƙauye ƙauye kafin in haɗa abin da zai ciyar da rami guda.

Shi kuwa yaron naku mai duro, ki ba shi damina ɗaya. Ranar da ruwa ya doki matan Batsari a hanyar biki, shuɗin zai bi ƙafarsu shi sauka, su dawo neman mai ƙamshin kaka.

Shi ke nan. Wassalam.

*

Batsari, ƙarshen Sha'aban

Yaya Armaya'u, gaisuwa mai yawa. Allah shi kai mu watan Azumi lafiya.

Kai dai har kullum in an ce maka ga rami gabanka sai ka ce an zagi tafiyarka. Ina na rubuta cewa ina jin kunyarka? Ka ɗauko takardar ka nuna wa Kande. Na ce na yi dariya, na kuma ce na yi tagumi, sai ka tsinci ta farkon ka bar ta biyun a ƙasa. Zanen da nake ɗaure da shi yanzu ina wannan rubutu rininka ne, kuma da shi nake zuwa suna da biki.

Maganar zuba kuwa, kada ka jira damina. Na riga ka. Na aika an rina mani ɗan ƙyalle wurin Jafaru, na wanke shi da sabulu, na sake wankewa, na shanya a rana, na murje shi da duk haushin da nake ji. Yaya, bai zuba ba. Na so shi zuba, wallahi na so.

Tunda ka kawo sunan Tsoho, bari ni ma in kawo. Inna ta sha ba ni labarin shekarar da akoko ya shigo, yadin Turawan nan mara tsada da ya kashe wa masaƙa kasuwa. Marina suka haɗu suka rantse ba za su tsoma shi a raminsu ba, sai saƙin gida. Wa ya fara karya rantsuwar? Tsoho. Ya sayi bandir guda ya rina, aka yi ta yi mashi habaici a masallaci, kafin shekara ta zagayo kowa ya bi bayanshi. Shekarar fara kuma, da ta cinye baban ƙasar nan tas, bai zauna ya rungumi muciya yana kuka ba, jaki ya kora har Zamfara ya samo. Sana'ar nan tun fil azal ba ta taɓa barin mai ita ya yi barci ba. Ana maganin wannan, wancan shi taso. Ba taurin kai Tsoho ya bar maka gado ba, wannan kai ka ƙaro da kanka.

Ni ba ramin nake so ka kashe ba. So nake in na zo Safana in iske shi da ruwa, in iske ka kanshi.

Ka amsa mani kafin Sallah, mata sun fara kai yadinsu.

*

Batsari, bayan Ƙaramar Sallah

Yaya, barka da Sallah, Allah shi maimaita mana. Ina fata kowa lafiya.

Jinjiri ya zo ya koma, ya zo ya koma, hannunshi wayam. Na tambaye shi ko ciwo kake, ya ce ya gan ka zaune bakin rami garau, ka amsa gaisuwarshi da ka. To, in fushi ne, azumi guda ya isa shi huce.

Sallah ta wuce, zanenka biyu kaɗai suka fita, ɗaya ma tsohuwa ce ta saya don ajiya. Ban faɗa don in ƙona maka rai ba. Ba ni da wani ɗan'uwa sai kai, in ban faɗa maka ba wa zan faɗa wa?

*

Safana, farkon watan Bawan Salloli

Turai ƙanwata, na gaishe ki, na gaida Barau. Ruwa ya sauka nan, an yi shuka. Kowa lafiya.

Ba fushi ya hana ni rubutu ba. Da farko fushi ne, daga baya kuma ban san me zan ce ba.

Azumin nan kaf mutum uku suka kawo mani rini. Mamman mai bugu, wanda ke buga mana zane har shi yi ƙyalli, ya rufe rumfarshi ya tafi Funtuwa dakon auduga. Ya zo sallama bai iya kallon idona ba. Kande ta sayar da akuyarta kafin mu yi tuwon Sallah, ta ce wai akuyar ce ta cika ɓarna. Na san ƙarya take, ta san na sani, muka ci tuwon.

Amma abin da ya karya ni ƙarami ne. Kin tuna Maijidda, wadda tun Tsoho na da rai ba ta kai zane ko'ina sai wurinmu? Ranar Sallah ta biyo ta marina sanye da atamfa. Ta tsaya, ta dube ni, ta ce, "Sannu da hutawa, Armaya'u." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gani ta gaisar. Tun ina yaro ba wanda ya taɓa wucewa ta bakin ramin nan shi ce mani komai sai sannu da aiki. Na amsa mata, na koma gida na kwanta da rana tsaka.

Maganar akoko gaskiyarki ce. Ina wurin, ni na riƙe wa Tsoho bakin bandir ɗin.

Ki ce wa Barau shi sayo garin. Ki rubuto mani yadda ake haɗa shi.

*

Batsari, watan Bawan Salloli

Yayana na kaina! Gaisuwa da jinjina. Da na karanta takardarka sai da na yi guɗa ni kaɗai, har maƙwabta suka leƙo ko haihuwa aka yi.

Ga saƙo nan wurin Jinjiri. Ƙananan gwangwanayen su ne garin rini. Manyan masu farin abu kamar gishiri su ne soda. Akwai kuma ƙunshin wani farin gari mai wari, shi ake zubawa daga ƙarshe. Barau ya tsare akawun kantin sai da ya faɗa mashi awon: ga rabin duro na ruwa mai ɗumi, ludayi biyu na gari, ɗaya na soda, ɗaya na mai warin. A dama, a bari shi kwanta kaɗan, sai tsomawa. Na haɗo maka da farin yadi na mata huɗu da na lallasa suka yarda su gwada ka. Na ce masu rinin zamani ne amma hannun Safana, wanda Jafaru ko a mafarki bai kai ba.

Akawun ya ce wai sodar tana da cizo, kada a taɓa da hannu. Shi ya sa Jafaru da sanda yake juya zane, kuma yana sa wata safar hannu ta roba har gwiwar hannu, sai ka ce malamin asibiti zai wanke gyambo. Yara har waƙa suka yi mashi. Na ce wa Barau, wannan gargaɗi na masu hannun lalle ne, ni yayana da hannu yake sauke tukunya daga murhu. Hannun da ya shekara talatin cikin toka, soda ce za ta ji tsoronshi. Amma dai ka kula.

Ka yi sauri, Babbar Sallah ta ƙarato. Ka gaida Kande, ka ce mata akuya na nan dawowa da 'ya'yanta.

*

Safana, tsakiyar Bawan Salloli

Turai, gaisuwa. Muna lafiya, gero ya kai gwiwa.

Ga zannuwan matanki huɗu. Ki buɗe ki gani da idonki.

Ban nemi duro ba. Ɗan Tsoho ba zai tsaya gaban duro kamar mai wankau ba. Na kwashe ruwan baba daga ramin, na tara katsin gefe na rufe da tabarma, ban iya zubar da shi ba. Ranar ban ci abinci ba. Awon da kika aiko na rabin duro ne, ramina kuwa ya shanye mutum a tsaye, don haka na auna da ido irin yadda muke auna toka, na ƙara sodar sosai don ruwan shi yi ƙarfi.

Turai, abin ya ba ni tsoro. Zanen da nake tsomawa ina fitarwa har in gaji kafin shi yi duhu, tsomawa uku ya kama. Na tsaya riƙe da shi ina kallo yana juyewa daga kore zuwa shuɗi, ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Shekarun da na yi ina lallashin rami kamar jinjiri, ashe ga abin cikin gwangwani.

Safar roba kuwa kin ba ni dariya, har na karanta wa Kande. Ki bar yaron da sandarshi, shi ya sa rininshi ke yin dabbare-dabbare in kin duba da kyau. Marini da yatsu yake gani. Sai ka shiga da zane ƙarƙashin ruwa, ka buɗe kowane ninki, ka ji inda bai sha ba. Ruwan yana ɗan cizo, gaskiya ne, amma haka sabuwar toka take yi wa kowa. Hannu shi tsage, ka shafa man kaɗe, ka koma ciki, fata ta yi kauri ta saba. Haka Tsoho ya koya mani.

Maijidda ta wuce jiya ta ga shanya. Ta ce sannu da aiki.

*

Batsari, ƙarshen Bawan Salloli

Yaya, gaisuwa da godiya. Kai, Yaya!

Ban gama kwance ƙunshin ba ɗakina ya cika. Matar Sarkin Pawa, ita dai mai maganar kaka, ta ɗaga ɗaya ta kai ƙofa wurin haske, ta juya gaba ta juya baya tana neman inda bai kama ba, ta rasa. Ta ce, "Wanga ba aikin sanda ba ne." Na ce mata ai na faɗa maku. Yau ni ce har da yanga.

Ga kaya nan, sai da Jinjiri ya ƙara jaki. Yadin mata ne na Sallah, kowace na ɗaure nata da alama, har da na amare biyu. Na yi masu alkawari da bakina cewa kafin ranar Arfa kowace za ta karɓi nata. Ga ƙarin gari da soda. Kada ka ba ni kunya, yanzu da Batsari ta dawo hannunmu.

Rabon da in yi farin ciki irin wannan tun ranar da aka kawo ni garin nan. Ji nake kamar Tsoho ya leƙo ya ga raminshi.

Af, me ya sami rubutunka? Baƙaƙen duk sun karkace kamar kaza ta bi ta kan takardar. Tsufa ne, ko murna ce ta sa hannu rawa?

*

Batsari, bayan Babbar Sallah

Yaya Armaya'u, barka da Sallah. Ina fata an yi layya lafiya.

Kaya sun iso ana gobe Arfa, duk da gulbi ya cika har Jinjiri ya yi kwanaki a gaɓa yana jira. Ba wadda ta rasa nata. Ranar Sallah in ka tsaya bakin hanya rabin matan unguwarmu aikinka ne a jikinsu.

Amma ina takarda? Na zazzage ƙunshin har ƙasa, ko gaisuwa babu. Jinjiri ya ce bai ma gan ka ba, Kande ce ta turo mashi kayan daga zaure, ta ce kana ciki. Wato yanzu an zama babban marini, ƙanwa sai dai ta ga aike. Lokacin da ba ciniki ka yi mani shiru, yanzu da ciniki ya zo ka sake yi mani shiru. To ni yaushe ne rabona?

Wasu matan sun kawo yadi, na riƙe tukuna sai na ji daga gare ka. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko da na kazar ne zan karanta.

*

Safana, watan Cika-ciki, 1374

Zuwa ga Turai. Wannan rubutun Malam Musbahu ne, maƙwabcin yayanki, amma maganar tashi ce, yana faɗa ina rubutawa.

Turai, na gaishe ki. Kada ki firgita, ina da rai, ina cin abinci. Ba girman kai ya hana ni rubutu ba. Alƙalami ne ba ni iya riƙewa.

Tun rinin farko hannun ya tsage. Na shafa man kaɗe na koma, ina jiran fata ta yi kauri. Ba ta yi ba. Toka in ta ci ka tana tsayawa, wannan ba ta tsayawa. Lokacin da manyan kayanki suka iso, tsagar ta riga ta zama miki, farce biyu sun fita. Kande ta yi kuka, ta ce in mayar da yadin. Na ce mata tunda aka haƙa marinar nan ba a taɓa karɓar fari aka mayar wa mai shi fari ba. Yadin amare ne a ciki. Ke kuma kin yi alkawari da bakinki, ga takardarki ta farko cikin shekaru da na ji kina dariya tun daga sallama har ƙarshe. Na ce in ƙarasa wannan, in huta bayan Sallah.

Na gwada sanda rana ɗaya. Zanen ya fito da tabo, na kalle shi na ce ba wannan za a ɗaga a ƙofar ɗakinki ba. Na ajiye sandar.

Na ƙarshen da haƙora na kama bakinshi, Kande ta kama ɗaya bakin muka matse. Da gari ya waye hannuwan sun kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Aka ɗauke ni a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai ni asibiti. Sun cire kan yatsu biyu na dama. Sauran sun warke a lanƙwashe, likita ya ce haka za su zauna. Kande ke ba ni tuwo a baki, ita ke yi mani alwala.

Ki mayar wa matan nan yadinsu, ki ba su haƙuri.

Ni Musbahu na ƙara da wannan daga wurina: ya hana a gaya maki tun farko, ya ce a bari ki ci Sallah da daɗi. Yana ƙoƙari gaban mutane, amma kullum da safe sai ya fita ya zauna bakin ramin har rana ta yi zafi.

*

Batsari, watan Cika-ciki

Yaya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san yadda ake gaida mutum a irin wannan takarda ba. Sannu, Yaya. Sannu. Allah shi ba ka lafiya, Allah shi saka wa Kande.

Tun da aka karanta, ni dai na karanta amma kamar wani ke karanta mani, ban daina kuka ba. Akawu ya ba da gargaɗi sak, ni na ɗauka na naɗe shi cikin wasa na miƙa maka. Na san halinka, na san in aka ce abu na masu hannun lalle ne ko wuta ce sai ka shiga, kuma na faɗa. Na ga rubutunka ya karkace na ce kaza. Kana matse zane da haƙora ni ina nan ina yanga gaban matar Sarkin Pawa. Wannan bakin nawa da nake taƙama da shi, yau da ana cire shi da na ba da.

Jiya wata ta shigo sanye da zanen tana cewa yaushe za a karɓi na gaba. Na kalli zanen na shige ɗaka na bar ta tsaye.

Ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka yanke wa ramin hukunci. Barau ya yarda in zo da zarar gulbi ya janye. Zan zo da safar roba, mu nemi wani mai ƙarfi cikin dangi shi riƙa tsomawa, kai kana zaune kana faɗa mashi. Ko mu koma baban, ko kaɗan kaɗan ne, ai ka ce katsin na nan ƙarƙashin tabarma. Ido da kai duk suna nan, ba a cire su ba. Ka jira ni, don Allah ka jira ni.

*

Safana, watan Safar

Zuwa ga Turai, da hannun Malam Musbahu.

Ƙanwata, na amsa gaisuwa. Jiki da sauƙi, na fara riƙe moɗa da hannu biyu. An fara yankan gero.

Takardarki ta daɗe a hanya, sai shekaranjiya ta iso. Ki share hawaye. Kin ce in kula, yana nan a rubuce, Malam ya sake karanta mani. Ni na zaɓi layin da ya yi mani daɗi na bar ɗayan, kamar yadda kika taɓa cewa ina yi. Kuma ba ki yi kuskure ba da kika ce a sake hanya. Da ban sake ba, da yunwa ta rufe ramin. Na sake ne da rabi, na ɗauki garinsu na ƙi ɗaukar tsoronsu. Ba ni riƙe da ke da komai, Allah shi ne shaida.

Kada ki bar sana'arki. Ki kai wa Jafaru yadin matan. Ki ce mashi in ji ni, shi riƙa buɗe ninki ƙarƙashin ruwa, kuma kada shi cire safar nan ko yaran duniya za su taru su yi mashi waƙa.

Maganar jira kuwa, Turai, ta wuce. Ina asibiti ruwan sama ya wanke katsin, ba wanda ya tuna da shi. Sodar ta ci lason, ramin ya tsage yana tsiyaya. Sai ragon Fanta maƙwabciyarmu ya zame ya faɗa, kafin a ciro shi ya mutu. Mai unguwa ya zo da kanshi, ya daɗe yana gaisuwa kafin shi ce yara na wasa a wurin. Ban bari ya ƙarasa ba, na ce a cike.

Ranar Juma'ar da ta wuce maƙwabta suka taru da kwanduna. Suka tsaya, suka ce ni zan fara zuba ƙasa tunda na mahaifina ne. Na durƙusa in ɗiba, hannun ya ƙi damƙa. Na gwada har sau uku suna kallo. Daga ƙarshe da ƙafa na tura. Ban yi kuka a asibiti ba, Turai, amma a nan na yi, gaban kowa, kuma ba wanda ya ce in yi shiru.

Ki zo, ina son ganinki ƙwarai. Amma kada ki ɗauko safar, kuma in kin iso kada ki bi ta marina, ba abin da za ki gani sai fili. Kande ta ce ƙasar wurin ta sha toka, kuɓewa za ta yi kyau in damina ta zagayo. Na ce mata ta shuka.

Yayanki, Armaya'u.